Gyaran gidajen wakafi a Jidda: da me za a fara, kuma wa zai biya?

Umm Sadiya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san gini da waɗanda suka san doka. Benen da muke haya a kudancin Jidda gidan wakafi ne, hawa huɗu, wani bawan Allah ya bar shi tun da daɗewa domin matan da mazansu suka rasu da marayu da masu ƙaramin ƙarfi. Kuɗin hayarsa bai kai rabin na maƙwabta ba. Wakilin nazir (nazir shi ne mai kula da wakafi) ya zo ya ce za a yi gyara bayan sallah. Da muka tambaye shi wane gyara, sai ya lissafo fentin waje, sabuwar ƙofar ƙarfe da tayil a matakala. Alhali silin ɗin banɗakin mutanen hawa na huɗu yana zubo da siminti, rodi ya fito ya yi ja da tsatsa, bangon ɗakin girkinmu kuma bai taɓa bushewa ba ko da rani. Matan gidan sun kasu biyu. Wasu sun ce mu rubuta takarda a fara da maganar ruwa. Wasu sun ce mu yi shiru, kada a ce mu fita za a yi babban gyara, mu fita mu kasa dawowa. Yaya kuke gani?

Usta Garba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin maganar takarda, yau ɗin nan a janye gado da yara daga ƙarƙashin duk inda siminti ke zubowa.

Abin da kuka gani ba tsufan fenti ba ne. Idan ruwa ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, ita kuwa tsatsa kumbura take yi ta fi ƙarfen kauri, sai ta tsaga kankaren daga ciki ta turo shi waje. A Jidda abin ya fi sauri saboda gishiri. Iskar teku tana ɗauke da shi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ma a unguwanni da yawa yana kusa kuma na gishiri ne, shi ya sa za ku ga ginshiƙai suna ɓarewa tun daga gindi. Ruwan da ke ɗigowa daga saman gini kuwa galibi wuri uku yake fitowa: ko tankin kan rufi ya tsage ko yana ambaliya da dare, ko shimfiɗar kwalta ta rufin ta tsufa rana ta ƙone ta, ko tsohon bututun ƙarfe na cikin bango ya ruɓe. Bangon da yake jiƙe da rani bututu ne, domin ruwan saman Jidda daga Nuwamba zuwa Janairu yake zuwa, shi ma ba kullum ba.

Gwadawa ba ya cin kuɗi. Da dare a rufe dukkan famfunan gidan, a yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, da asuba a duba. Idan ya sauka, akwai yoyo. Rufi kuma a toshe magudanarsa, a zuba masa ruwa kamar faɗin tafin hannu, a bar shi kwana biyu a ga inda zai ɓullo a ƙasa. Sai an kashe ruwa ake fasa kankaren da ya saki, a kankare tsatsar rodi har ya yi fari, inda ya sirance a ƙara masa sabo, a shafa masa maganin tsatsa, a mayar da simintin gyara na musamman, ba na filasta ba. Wanda ya shafa fenti a kan wannan silin bai yi gyara ba, ɓoye muku haɗari ya yi, kuma wannan ya fi barin sa a buɗe muni, domin yanzu aƙalla kuna ganinsa kuna kaucewa.

Abu Faisal:
Ni ina riƙe da wani gidan wakafi a Makka a madadin dangi, don haka bari in faɗi abin da wataƙila wakilin bai bayyana muku ba. Tun 2024 gine-ginen da ke kan manyan titunan kasuwanci ana neman su da takardar shaida ta manhajar Balady ta hukumomin birni, cewa fuskar ginin ba tsaga, ba wayoyi a rataye, ba tsatsa. Wanda ba shi da ita tara ce. Idan benenku a kan irin wannan titi yake, fentin ba ado ba ne, gudun tara ne. Ba wanda ke cin nazir tara don silin ɗin banɗaki, amma fuskar gini kowa na gani.

Sai kuma kuɗi. Hayar da ba ta kai rabin ta kasuwa ba, a cikinta ake biyan mai gadi, tankar ruwa, kwashe ramin bahaya, wutar matakala. Ɗan kwangila kuma tun Yulin 2020 harajin kashi 15 yake ɗorawa a kan kowane aiki. Wasu masu hayar ma watanni ake bin su, ba kuma mai zuciyar da zai kori marayu. Ba kowane nazir ne maci amana ba, wani aljihun wakafin ne babu komai a ciki.

Umm Sadiya:
Alhaji, a cikin lungu muke, mota ɗaya ma da ƙyar take wucewa. Kuma akwai shaguna uku a ƙasan benen, su hayarsu ta kasuwa ce.

Abu Faisal:
To idan akwai shaguna magana ta canza. Mai wakafin don wannan ya gina su, su ciyar da gidan. Ku tambayi inda kuɗinsu ke tafiya.

Malam Tanimu:
Bismillah. Wannan mas'ala malamai sun gama da ita tun da daɗewa, kuma mazhabobi ba su yi nisa da juna a kanta ba. Abin da wakafi ya samar, gyaransa ake fara cirewa kafin a raba wa kowa, domin manufar mai wakafi ita ce sadakarsa ta ci gaba da gudana, gidan da ya rushe kuwa ba ya gudanar da komai. A Muhtasar na Shehu Halil, babin wakafi, an nuna cewa ko mai wakafin ne da kansa ya shardanta kada a fara da gyara, wakafin ya inganta amma sharaɗin ba a bin sa. Haka nan idan ya shardanta cewa gyara yana kan wanda ke cin amfanin gidan, shi ma ba a bi, masu sharhi suka ce domin ya zama haya ce da kuɗin da ba a san adadinsa ba.

Gyaran da ake nufi kuwa shi ne wanda ke tsare asalin gidan daga lalacewa: rufi, ginshiƙi, bututu, bango. Tayil ɗin matakala ƙawa ne, ba ya shiga gaban rufin da ke yoyo. Nazirin da ya kashe kuɗin wakafi a kan ƙawa ya bar abin da zai rushe gidan, ya saɓa wa amanar da aka ɗora masa ko da bai ci ko halala ɗaya ba.

Amma kada in ɓoye muku ɗaya gefen. A wurin dai aka ce wanda aka ba gidan wakafi ya zauna kyauta, idan gidan ya lalace shi kuma bai gyara ba, ana fitar da shi a ba da gidan haya har a sami abin gyara, sannan ya dawo. Ke nan fita domin gyara tana da asali. Abin da ba shi da asali shi ne a fitar da waɗanda aka yi wakafin dominsu, a gyara, a zuba wasu masu kuɗi har abada.

Goggo Hauwa:
Jikarta ce ke rubutawa, ga abin da ta ce in faɗa.

Allah gafarta Malam, na ji karatu kuma gaskiya ne. Amma ni a Sabil na tsufa. Daga ƙarshen 2021 aka fara rusau, unguwanni sama da 60 aka sa wa alama a Jidda, Sabil da Kandara da Karantina da Gulel da Petromin duk sun tafi. Wanda yake ɗan ƙasa mai takardar fili an yi masa maganar diyya, wasu an ba su gidaje. Mu masu igama, wato katin zaman baƙi, kaya muka ɗaure muka shiga neman ɗaki, haya kuma ta tashi ko'ina domin kowa nema yake a lokaci guda. Da ƙyar na sami ɗaki a ribaɗi, gidan sadaka na marasa ƙarfi. Yanzu idan ruwa na ɗiga a ɗakina bokiti nake sawa, ba na faɗa wa kowa. Ba don ban san haƙƙina ba ne, don na san idan na bar ɗakin nan ba ni da wani. Matan da suka ce a yi shiru kada ku ɗauke su marasa wayo. Sun ga abin da suka gani.

Zainab Hausawi:
Goggo, Allah ya ƙara lafiya. Ba mai raina tsoronku. Amma silin ɗin da rodi ya fito ba ya jiran kowa ya sami wani ɗaki. A ranar 24 ga Nuwamban 2022 ruwan da ya sauka a kudancin Jidda ya kai milimita 179 cikin awa shida. Rufin da ya riga ya ruɓe, irin wannan ruwan idan ya taru a kansa me zai faru? Shirun ma fita ce, sai dai ba a san ranarta ba, kuma ana iya fita da gawa.

Yasir ɗan Kano:
Bari in kawo ɓangaren doka, iyayena ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

Tambaya ta farko ga Hajiya: hayarku tana cikin Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya? Idan tana ciki kuna da ƙafar tsayawa. Yarjejeniyar Ejar ta gidajen zama ta raba gyara gida biyu. Abin da zama na yau da kullum ke cinyewa, kamar kan famfo, ƙwan fitila, makulli, na mai haya ne. Yoyon ruwa a cikin bango ko silin wanda ba ɓarnar mai haya ta jawo shi ba, da lotsawar rufi, da babbar tsaga a gini, waɗannan na mai gida ne, kuma a rubuce suke.

Dokar mu'amaloli da ta fara aiki a Disamban 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Gyaran da sai da shi gida ke zaunuwa yana kan mai gida. Idan an sanar da shi ya ƙi, mai haya na iya neman izinin kotu ya gyara a biya shi. Idan abin na gaggawa ne ko ƙarami ne a al'ada, yana iya gyarawa ya cire daga kuɗin haya daidai yadda aka saba, ya kawo lissafi. Amma ku lura, sai an sanar da shi tukuna. Maganar baki a matakala ba ta zama shaida. Takarda mai kwanan wata, da hotuna, da saƙon waya da za a iya nunawa, su ne shaida. Kuma kada kowa ya daina biyan haya don fushi, domin yarjejeniyar Ejar kai tsaye ake kai ta kotun zartarwa, sai mai gaskiya ya koma wanda ake bi bashi.

Sannan nazir ba sarki ba ne. Akwai hukumar wakafi ta ƙasa, tana da ƙa'idar aikin nazirai: ya yi wa wakafin rajista, kuɗinsa su zauna a asusun banki na wakafin ba na aljihunsa ba, ya riƙe lissafi, ya kula da gyara, ya bi sharaɗin mai wakafi.

Inda tsoron Goggo yake da tushe shi ne nan: dokar ba ta ba mai haya damar hana mai gida yin gyaran dole ba. Idan aikin ya hana shi amfani da gidan, abin da zai nema shi ne ragin haya ko warware yarjejeniya. Kuma dakatar da ƙarin haya na shekara biyar da aka yi a Satumban 2025 na Riyad ne, bai shafi Jidda ba. A Riyad ɗin ma, lalacewar gini da rahoton injiniya ya tabbatar tana cikin dalilan da mai gida zai iya ƙin sabunta haya. Don haka abin da zai tsare ku ba dokar haya kaɗai ba ce, sharaɗin da ke cikin takardar wakafin ne. Idan an rubuta gidan na mata da marayu ne, to bayan gyara ma nasu ne.

Umm Sadiya:
Ɗana, gida goma sha biyu ne a benen, biyar ne kawai ke cikin Ejar. Sauran tun zamanin tsohon nazir suke, rasit na hannu ake ba su. Akwai kuma biyu da igamarsu ta ƙare, kuɗin da baƙo ke biya a kan 'ya'yansa, riyal 400 kowane wata a kan kowane kai, ya fi ƙarfinsu.

Yasir ɗan Kano:
To waɗannan biyar ɗin su sa hannu, su kaɗai. Rufi ɗaya ne, tanki ɗaya ne, idan an gyara don mutum biyar kowa ya amfana. Kada a rubuta sunan wanda takardunsa ba su cika ba, kada ma a lissafa yawan mutanen kowane gida. Masu rasit na hannu kuma su adana rasit ɗinsu wuri guda.

Baban Khalid:
Ni fa ina da magana a kan mu kanmu, ko da ba za ta yi daɗi ba. Na yi gadi a irin waɗannan gidaje. Man suya da ruwan shinkafa ake juyewa a magudana har ta toshe. A hau rufi a huda shi da na'ura don a kafa tauraron ɗan adam, kwaltar da ke tare ruwa ta tsage. A wanke darduma a kan rufi ruwan ya kwana. Ruwan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana bin bango shekara da shekaru, ba mai sa masa ɗan tiyo. Gidan da aka yi wa mutum biyar, mutum goma sha biyu ne a ciki, banɗaki ɗaya bai hutawa. Sannan a ce nazir bai gyara ba. Tunda gidan ba na uban kowa ba ne, ba mai jin zafinsa.

Zainab Hausawi:
Baba, duk abin da kuka lissafa yana faruwa, kuma ya kamata a daina. Amma man suya ba ya sa rodin hawa na huɗu tsatsa. Mutum goma sha biyu a gida ɗaya kuma ba sha'awa ba ce, 'yar uwarka aka rushe wa unguwa ta zo da 'ya'yanta, za ka rufe mata ƙofa?

Baban Khalid:
Ban ce a rufe ba, 'yata. Cewa na yi idan za a rubuta wa nazir, a fara da abin da masu haya za su ɗauka a kansu. Mutum ya fi sauraron wanda ya zo da nasa kason.

Usta Garba:
Maganar huda rufi gaskiya ce, na ga rufin da aka yi wa sabuwar kwalta ya lalace cikin shekara saboda ƙusa huɗu. Idan an gama aiki a sa wa ƙofar rufi kwaɗo, makulli wurin mai gadi.

Akwai abin da ba a taɓo ba, wuta. Tsofaffin gine-ginen nan an ja musu waya ne lokacin da gida ke da fanka da firji da mukayyif ɗaya. Yanzu kowane ɗaki da nasa, ga hita, ga injin wanki, duk a kan siririyar waya. Tun 2010 ƙasar nan ta yanke shawarar komawa wuta mai ƙarfin volt 230 daga tsohon 127 da 220, amma gidaje da yawa har yanzu a cakuɗe suke, soket biyu a bango ɗaya kowanne da ƙarfinsa. Ruwa a cikin bango ga waya mai zafi, nan gobara ke tashi, kuma da tsakar dare cikin zafi. Idan soket ya yi baƙi ko kuna jin ƙaurin roba, a kashe layin nan take. Bayan ruwa da rodi, akwatin wuta ne na uku.

Sannan a duba tankin ƙasa. Idan ya tsage kuma ramin bahaya na kusa, abin da ke can yana shigowa nan. Murfin tanki kuma ya rufu ruf, domin sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa, kuma Jidda da Makka sun daɗe da sanin wannan ciwo.

Maman Rayyan:
Usta, tunda kun taɓo wuta. Mu a Madina gida huɗu ne a kan mita ɗaya, kullum rigima a kan rabon kuɗi. Raba mita yana cikin gyara?

Usta Garba:
Yana ciki, kuma yana rage kuɗi. Kilowat 6,000 na farko a wata halala 18 ne kowanne (halala ɗari ce riyal ɗaya), abin da ya haura halala 30. Gida huɗu a mita ɗaya da rani dole ku haura, alhali da kowa da tasa ba wanda zai kai. Amma mai gida ne ke nema, ba mai haya ba.

Zainab Hausawi:
Bari in faɗi yadda abin yake ta ɓangaren gidajen gwamnati, don wasu na tambayata a gefe. Mahaifiyata ta sami gida ta shirin gidajen masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake bi ta ƙungiyoyin agaji, ana kuma tara masa gudummawa ta dandalin Jud al-Iskan. Na 'yan ƙasa ne, galibi masu karɓar tallafin daman, wato tallafin gwamnati ga marasa ƙarfi, mai igama ba ya shiga. Abin da na koya a can wanda zai amfani kowa shi ne ranar karɓar makulli. Akwai takardar karɓa da miƙawa, mun bi ɗaki ɗaki mun buɗe kowane famfo, mun gwada kowane soket, mun ɗauki hoto, aka rubuta abin da bai yi ba kafin a sa hannu. Sababbin gine-gine kuma suna da inshorar ɓoyayyen aibi ta shekara 10. Tsohon gidan wakafi ba shi da wannan, amma idan an yi muku rufi ku nemi garantin ɗan kwangila a rubuce, da sunan wakafin, kwafi ɗaya a hannun masu haya. In ba haka ba nazir ya canza, takarda ta bi shi.

Alhaji Sani mai shayi:
Ni shawarata a bar dogon zance. Kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, mu ma na waje mu taimaka, Usta ya je ya gyara tanki da bututu. Ba takarda, ba kotu, ba wanda ya ji. Ni na ɗauki kuɗin bututu.

Malam Tanimu:
Allah ya saka wa Alhaji da alheri, sadaka ce mai kyau kuma ba mai hana ta. Sai dai a yi ta da sanin nazir, domin ba a taɓa ginin wakafi a bayan idonsa. Kuma kada ta zama dalilin da zai sa a daina tambayar kuɗin shaguna. Idan bana masu haya suka gyara tanki, baɗi za a ce su gyara rufi, a hankali sai haƙƙi ya koma roƙo. Tambayar lissafi ba rashin kunya ba ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Yasir ɗan Kano:
Akwai kuma haɗari a aikin ɓoye. Idan aka fasa bango ba izini, gobe wani abu ya faɗo, masu haya za a ɗora wa. Kashe yoyon tanki ƙaramin aiki ne. Taɓa rodi da ginshiƙi kuwa sai injiniya ya gani ya rubuta.

Goggo Hauwa:
Ta ce injiniyan nan shi ne abin tsoro. Ya rubuta gida ba ya zaunuwa, shi ke nan an yanke wuta an ce kowa ya fita.

Usta Garba:
Goggo, ba zan yi muku ƙarya ba, yana faruwa. Amma bari in raba muku abin. Silin ɗin banɗaki da ya ɓare saboda yoyo, wannan gyaran wuri ɗaya ne, ana tokare shi da ƙarafa a yi aiki, mutanen gidan su yi amfani da banɗakin maƙwabta na ɗan lokaci. Yawancin abin da nake gani irin wannan ne, ba ya bukatar kowa ya bar bene. Ana bi hawa hawa daga sama, gida ɗaya ya koma ɗakin da babu kowa, a gama, ya dawo, na gaba ya shiga. Sauya bututu ma yanzu ba sai an fasa bango ba, ana kashe tsohon a ja sabon kore na roba ta waje.

Wanda ba a wasa da shi shi ne tsaga a ginshiƙi, ko tsagar da ta tafi a karkace tana ƙara buɗewa, ko ƙofofi su fara ƙin rufuwa, ko ƙasa ta lotsa. Idan an ga wannan a kira 'yan kwana-kwana a 998 ko lambar gaggawa 911, kada a tsaya shawara da kowa. Ɗaki ana samun wani ko da wahala.

Kuma abin da ke kai gida ga wannan matsayi shi ne shekarun da aka yi ana sa bokiti. Silin ɗin da za a gyara bana mutane na ciki, bayan shekara biyar sai an kwashe kowa.

Abu Faisal:
Idan za ku rubuta, ga abin da ni a matsayin mai riƙe da wakafi zai sa in amsa da sauri. Kada ku fara da zargi. Ku ce kun ji za a yi gyara kun gode, ga hotuna, kuna roƙon a fara da tanki da bututu da rufi. Ku haɗa da ƙiyasin kuɗi daga masu aiki biyu, domin sau da yawa nazir bai san farashin ba, tsoron abin yake yi kawai. Ku nemi a yi aikin rufi kafin Nuwamba, ku kuma tuna daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, don haka aikin rani yana jan lokaci. Idan har wani zai bar gidansa, a rubuta ranar fita, ranar dawowa, da cewa haya ba za ta canza ba, nazir ya sa hannu, ba wakili ba. Ku kai ta hannun limamin unguwa ko wani dattijo da yake jin nauyinsa.

Maganar kuɗin shaguna kuwa ku bar ta tukuna. Idan ta shiga takarda ta farko zai ɗauka faɗa kuka zo yi.

Zainab Hausawi:
Alhaji, a nan ban bi ku ba. Idan ya amsa da cewa babu kuɗi fa? Sai su koma su sake rubuta wata, watanni sun wuce, ruwa ya zo.

Abu Faisal:
Idan ya ce babu kuɗi, shi ya buɗe ƙofar da kansa. A lokacin sai a ce to a karkatar da kuɗin fenti da tayil, tunda su akwai su. Wannan ba zai iya musu ba, da bakinsa wakili ya faɗa.

Malam Tanimu:
Ni ina ganin a haɗa biyun ta hanya mai laushi. Kada a tambayi lissafi yanzu, amma a roƙi a karanta wa mutanen gidan takardar wakafin a gaban liman. Mafi yawan masu zama a irin waɗannan gidaje ba su taɓa jin abin da mai wakafin ya rubuta ba, wani lokaci magajin nazir ɗin ma bai karanta ba. Wasu takardun sun ware kason gyara daga kuɗin haya da adadinsa, sun kuma faɗi su wa za su zauna.

Maman Rayyan:
Malam, idan aka karanta aka tarar an rubuta na mutanen wata ƙasa ne ko wata ƙabila, ba namu ba fa? Ribaɗai da yawa a Makka da Madina haka suke, wani na mutanen Bukhara, wani na mutanen Indiya, wani na Magariba. Kada a je neman gyara a tono abin da zai fitar da su.

Malam Tanimu:
Tambaya ce mai nauyi. To kada a fara da karatu a bainar jama'a. Hajiya ta nemi dattijo ɗaya amintacce ya ga takardar shi kaɗai tukuna, ya faɗa musu abin da ke ciki, sannan su san ko za su nemi a karanta ko su tsaya a kan maganar tanki da rufi kawai. Yasir, kai ka tsara musu rubutun da Larabci, Usta ya ba ka sunayen ayyukan yadda 'yan kwangila ke rubuta su.

Yasir ɗan Kano:
To Malam. Hajiya ku turo min hotunan ta gefe, kowanne a rubuta hawa na nawa ne da wane ɗaki, kada fuskar kowa ko lambar gida ta fito a ciki.